Riƙon Wuri a Motar Djougou

Warin fetur ne, haɗe da na ledar kujerar da rana ta gasa tun hantsi, sai ɗan ƙamshin ɓawon lemo da wani ya yar a ƙarƙashin ƙafata. Har yau in na shiga tsohuwar motar haya na shaƙi wannan haɗin, sai in ga kaina ina 'yar shekara goma sha uku, zaune a layin tsakiya na motar Djougou, a jikin ƙofa, ina riƙe wa Gwaggo wuri.

A lokacin jirgin ƙasa yana ɗaukar mutane daga Kwatano zuwa Parakou. Garinmu ne ƙarshen dogo. Duk mai son wucewa gaba sai ya sauka a gar, wato tashar jirgi, ya nemi mota. Shi jirgin safe yana tasowa daga Kwatano da hantsi, ya iso mana tsakanin la'asar da magariba in ya ga dama. Motocin Djougou kuwa ba ruwansu da shi, da mota ta cika sai ta tashi, kuma ta ƙarshe ba ta son duhu ya same ta a tasha. A tsakanin jirgin da motar nan baƙi da yawa suka yi kwanan da ba su shirya ba, yawancinsu a gidanmu da ke unguwar Albarika. Baba atamfa yake sayarwa, amma dangi sun fi saninsa da sanin hanya. Kowa zai hau arewa sai ya aiko a tambaye shi.

Gwaggo yayar Baba ce, tana aure a Kwatano tun kafin a haife ni. Ba ta da 'ya'ya. Ita ta riƙe yayata tun daga yaye har ta gama makaranta, kuma da yayar tawa ta haifi 'ya mace a Bariénou, ƙauyen da mijinta yake koyarwa a bayan Djougou, sai mijin ya ce sunan Gwaggo za a sa wa jaririyar. Da aka gaya mata ta waya a shagon maƙwabcinta, an ce sai da ta zauna a kan buhun shinkafa. Suna ranar Asabar ne da sassafe. Mama ta riga ta tafi tana kula da mai jego, Baba ya je barka ya dawo. Saura Gwaggo. Duk zuwan da ta taɓa yi arewa a motar mijinta ne, tun da ya rasu kuma ba ta ƙara fita daga Kwatano ba, jirgi kuwa ba ta taɓa shiga ba. Ta ce ita magana ta waya ba ta zama mata a kai, a rubuto mata hanya a takarda, 'yar maƙwabta ta karanta mata.

Ni ce mai rubutun gidanmu. Baba ya zaunar da ni a shago bayan azahar, ya yago mini falle ɗaya daga littafi, yana faɗa da Hausa ina juyawa zuwa Faransanci, don shi 'yar maƙwabtan take iya karantawa. Har yanzu ina iya jero abin da ya ce, ko da yake jirgin ya daɗe da daina ɗaukar mutane, ba wanda shawarar za ta ƙara yi wa amfani.

Ya ce a je gar tun ranar Laraba a sayi tikitin Juma'a, na aji na farko, mai lambar tarago da lambar kujera, kada a bari sai ranar tafiya. Ta roƙi kujerar hannun dama in an fuskanci gaba, don ranar safe ce za ta same ta, mai zafin ta yamma ta faɗa wa na hagu. Ta ƙulle tikitin a bakin zane, za a tambaye ta a hanya, za a kuma karɓa a ƙofar fita. Kada ta sauka a Bohicon ko Dassa don sayen komai, masu talla da kansu suke zuwa taga. Da an wuce Tchaourou ta tattara kayanta ta matso bakin ƙofa, shi zai tsaya mata a gar ɗin Parakou. Sai ya ɗaga yatsa.

"Wannan ki ja masa layi a ƙasa. Kada ta yarda a kai mata kaya taragon kaya. Ko mene ne, ta riƙe shi a inda take. Wanda ya sa kaya a can ya kwana a Parakou."

Na ce to. Amma ni a lokacin hankalina yana kan duwatsun Savè. Sau ɗaya na taɓa ganin su ta tagar jirgi, ban kuwa manta ba, kuma na ga bai dace Gwaggo ta wuce su ba tare da an gaya mata ta duba ba. Na rubuta mata cewa za ta ga duwatsu kamar mata sun kwanta sun lulluɓa da mayafi mai ruwan toka, gajimare yana wucewa a kansu a hankali kamar ba ya son tashin su. Na gyara jimlar sau biyu. Kafin in gama, falle ya cika. Na yi niyyar juyawa baya in sa maganar kayan, sai masu saye suka shigo, Baba ya ce in sauko da turmi uku daga sama, wanda zai kai wasiƙar Kwatano kuma ya leƙo yana sauri. Na ninke na miƙa masa. Sai da na kwanta na tuna. Na ce wa kaina ai Gwaggo mace ɗaya ce, me za ta ɗauko da ya fi jaka? Ban gaya wa Baba ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya kai ni tashar Djougou a babur ɗinsa. Damina ce tana ƙarewa, gari ya yi lif, hadari yana taruwa ta gabas yana watsewa.

A tasharmu akwai yadda ake kama wuri. In ka ajiye ɗankwali ko hula a kan kujera, wurin naka ne har sai mai kaya da yawa ya zo ya ture shi gefe ya ce iska ce. Buta ta fi ɗankwali ƙarfi, don mutane suna jin nauyin ɗage butar alwalar wani. Amma wurin da ake so da gaske, mutum ake zaunarwa. Ba a ɗage mutum. Sai dai shi ma yana da iyaka: in mota ta cika mai wurin bai zo ba, ko mai riƙon ya tashi a ba wani, ko a tafi da shi. Baba ya zaɓi layin tsakiya a jikin ƙofar dama. Ya ce gaba na masu dogayen ƙafafu ne, baya na masu ƙarfin ƙugu, nan kuwa tsohuwa mai ciwon gwiwa tana iya miƙe ƙafa duk inda aka tsaya.

Direban mutumin Nijar ne, dogo, da asuwaki a baki. Ya san Baba.

"Alhaji, wurin naku ne har mota ta cika. In ta cika kuwa, ka san ni, ko surukata ce sai dai ta biyo ta gobe."

"Surukarka ai da gangan za ka bar ta," in ji Baba. "Wannan yayata ce."

Ya juyo gare ni. "Ko me aka ce miki kada ki tashi. Ko ruwa za ki sha, a miƙo miki ta taga." Ya hau babur ya tafi gar.

Mutum uku na tarar. Kafin la'asar mun zama bakwai. A gefena wata mata ce mai ƙiba, 'yar Djougou, ta sayar da cukunta a kasuwa tana komawa da kwanuka a jere cikin juna. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta gane 'yar makaranta ce ni.

"'Yar lakwal, ina za ki ba jaka ba mayafin kirki?"

Na ce ba inda za ni, Gwaggona nake riƙe wa wuri, tana cikin jirgi.

"Jirgi!" Ta yi dariya har kwanukan suka yi ƙara. "Ke dai ki gyara zama. Ni na taɓa jiran sa da ciki, ya iso ina goyo."

Wani tsoho mai carbi da ke gaba ya ce, "Kai, Iya, ji tsoron Allah."

"To na ƙara kaɗan, Malam. Amma kaɗan."

Na ba su labarin sunan. Ban san me ya sa ba. Na ce jaririyar sunan Gwaggo za ta ci, na ce Gwaggo ba ta da ɗa nata. Iya mai cuku ta daina dariya. Ta ɓare lemo ta ba ni rabi.

Aka yi la'asar, kowa ya fita ya yi ya dawo, ni ina zaune, ƙafata ta yi sanyi. Na takwas ya zo, wani ma'aikaci mai jakar hannu da agogo, ya ce lallai ya isa Djougou da wuri don ya samu motar Natitingou. Ba a jima ba na tara ya zo. Direba ya hau saman mota ya ja igiya ya ɗaure kaya, ya sauko yana kaɗe hannu. A can gefe wani mutum da buhun masara ya tsaya yana kallon kujerata.

"To, 'yar Alhaji," in ji direba, ya sunkuyo ta taga. "Mota ta cika. Ina Gwaggon?"

Kafin in buɗe baki sai muka ji shi. Kukan jirgin yana ratso garin Parakou ne daga kudu, dogo, da ɗan karyewa a ƙarshe kamar muryar mai kira daga nesa. Tun ina ƙarama nake jin sa daga ɗakinmu, ban taɓa sanin yana da daɗi haka ba.

"Ka ji, ya iso," in ji tsoho.

"Na ji ya yi kuka dai," in ji direba. "Daga kuka zuwa nan akwai tafiya." Amma ya cire asuwakin ya duba sama. "In ta sauka ta hau zem, ba za ta daɗe ba. Mu ba ta kaɗan."

Zem su ne 'yan babur ɗin haya. Na zuba ido a ƙofar tasha ina duba duk wanda ya shigo. Ma'aikacin ya duba agogo sau uku. Can sai ga Baba, shi kaɗai. Tun daga yadda ya kafe babur ɗin na gane.

"Ta iso lafiya," ya ce wa direba. "Amma akwati ne da ita, babba, na ƙarfe, an sa shi a taragon kaya. Ba su buɗe ba tukuna. Akwai buhuna da yawa a gabansa."

Direba ya riƙe kai. "Alhaji! Kai da kake koya wa mutane?"

Baba ya juyo wajena. Ya dube ni ta taga, kallo ɗaya, ba na faɗa ba. Da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

"Ban rubuta ba, Baba," na ce. "Takardar ta cika."

"Da me ta cika?"

Na kasa cewa da duwatsu. Hawaye suka zubo mini.

"To, ya isa," ya ce. "Zauna inda kike." Ya ja direba gefe suka yi magana, na ga direban yana nuna hadari, yana nuna mutumin mai buhu. Da suka dawo direban ya ce, da ƙarfi don kowa ya ji, "Kiran magariba. Da ladan ya ce Allahu akbar na tada mota, da ita ko ba ita." Baba ya koma gar.

Ma'aikacin ya ce wannan ba daidai ba ne, mota ta cika, ƙa'ida ƙa'ida ce, shi ma yana da iyali suna jira. Ya faɗa da Faransanci ya maimaita da Hausa. Gaskiyarsa ce, kowa ya sani, har direban ya fara taɓa makulli yana cewa to ko dai. Sai Iya mai cuku ta dafa gwiwata ta yunƙura.

"Ɗan matsa, 'yata, in fita. Na manta ban sayi burodin yara ba."

"Yanzu?" in ji ma'aikacin.

"Yanzu na tuna, ranka ya daɗe. Ka taɓa shiga gida hannu wofi ka tarar da jikoki biyar?"

Ta fita ta kaina, ta tafi tana tafiyar agwagwa, ta wuce mai burodi na farko ta ce nasa na jiya ne, ta wuce na biyu. Da ta dawo, tana zama, tsoho ya buɗe ƙofar gaba ya ce alwalarsa ta karye, gara ya sabunta tun da sauran haske. Ya ɗauki buta ya tsuguna a gindin mangwaro, yana wanke kowane yatsa kamar zai sayar da shi. Ma'aikacin ya dubi direba.

"Ka ga abin da suke yi ko?"

"Me na gani? Mutum zai yi alwala in hana shi?" Ya fita shi ma ya buɗe gaban mota, ya tsaya yana kallon injin, hannu a ƙugu.

Ma'aikacin ya yi tsaki, ya jingina. Can ya leƙo daga baya ya tambaye ni, a hankali, ko jaririyar mace ce ko namiji. Na ce mace. Ya ce Allah ya raya, ya ci gaba da kallon agogonsa.

Duk da haka lokaci bai tsaya ba. Hasken ya koma ja, jemagu suka fara fita daga itatuwa, na ga ladan ya nufi ɗan masallacin tasha yana naɗe hannun riga. Na san abin da ke gaban Gwaggo a can. Ko ta tsaya wa akwatinta ta kwana a gidanmu, motar safe kuwa ba za ta kai ta Bariénou ba sai an watse. Ko ta bar shi ta shiga gidan suna ba ko ƙyalle, ita da aka yi wa takwara, a gaban dangin miji. Wanda ya san matanmu ya san na biyun ba ƙaramin abu ba ne.

Ladan yana gyara murya babur ɗin Baba ya shigo. Gwaggo tana baya, ta zauna a kaikaice, ta rungume shi da hannu biyu, idonta a rufe, mayafinta yana tashi. Ba komai tare da ita sai 'yar jakar hannu da abarba ɗaya.

"Auta, ka tsaya ne ko har yanzu muna tafiya?" ta ce.

"Mun tsaya, Hajiya. Buɗe ido."

"Da Inna tana da rai da na kai ƙararka. Haka ake tuƙa babba?"

Iya mai cuku ta rangaɗa guɗa a cikin mota, har ma'aikacin ya yi dariya. Mai buhun masara ya saɓa buhunsa ya nufi wajen manyan motoci. Baba ya ce zai koma ya karɓi akwatin, ya aiko da shi da zarar ya samu mai zuwa. Gwaggo ta gyaɗa kai kawai. Ta ciro takardar shaidar kayan daga bakin zanenta ta ba shi, ta riƙe hannunsa da takardar a ciki na ɗan lokaci kafin ta saki.

Na fito, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Ta zauna, ta ce, "Kai, wurin da ɗumi." Zan ja baya sai ta kama wuyan hannuna.

"Ina za ki?"

"Gida, Gwaggo."

"Takardarki a Djougou ta ƙare. Daga can wa zai karanta mini hanya?"

Na dubi Baba. Ya dubi rigar da ke jikina da silifas ɗina, ya dubi yayarsa, ya ce gobe ai ba lakwal. Direba ya ce shi bai ga kowa ba, kaya ne a cinyar Hajiya. Muka yi magariba a gurguje a nan tasha, har da direban, sannan na zauna rabi a cinyar Gwaggo rabi a ta Iya mai cuku, abarba a tawa cinyar, muka fita ta Tourou da sauran ɗan ja a sararin yamma.

An yi ruwa a gaba, kwalta tana sheƙi, iska tana shigowa da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin girki. Gwaggo ta ba da labarin jirgi. Ta ce kujerar dama gaskiya ce, na hagu sun sha rana har sun rataya zane a taga. Ta ce wani ya zauna a lambarta, ta nuna masa tikiti ta tsaya a kansa har ya tashi. Ta ce a Dassa ta ga wata ta sauka sayen garin rogo, jirgi ya motsa, sai ta taga aka jawo ta.

"Amma ke, matan nan da kika ce sun kwanta a Savè. Na leƙa na leƙa har wuyana ya ƙage. Duwatsu na gani."

Motar ta kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai. Da aka lafa na ce mata, ƙasa-ƙasa, Baba ya ce in rubuta kada ta sa kaya a taragon kaya, ni ce na manta.

Ta miƙo hannu. Ta gyara mini ɗankwali.

"To, kin ga yanzu ba mu da nauyi," ta ce. Daga nan ta juya ga taga, tana kallon waje har muka haye gadar Bétérou.

Mun isa Djougou an daɗe da fitowa daga sallar isha'i. Ma'aikacin ya samu motarsa tana shirin tashi, ya ruga ko sallama babu. Iya mai cuku ta raka mu har ƙofar gidan abokin Baba inda za mu kwana, ta tura wa Gwaggo burodi ɗaya a jaka ta ce na mai jego ne. Ban ƙara ganin ta ba.

Da asuba matar gidan ta kira mana zem biyu da ta sani. Ta ce ga baƙo ƙa'idar ke nan: kada ka hau wanda ya fara kiran ka, ka hau wanda masu masaukinka suka san gidan ubansa. Gwaggo ta ce wa nata, "Ɗana, ni ba buhun doya ba ce, ka ji?" Ya ce ya ji, Hajiya. Hanyar jan ƙasa ce, raɓa ta kwanta a kan kunyoyin doya, itatuwan kaɗanya suna fitowa daga hazo ɗaya bayan ɗaya. Ina baya ina kallon mayafinta. A wannan karon idonta a buɗe yake.

Mun tarar maza sun zauna a kan tabarmi a ƙofar gida, ana zagayawa da goro, liman bai fara ba. Muka shige ciki. Yayata tana ganin ta ta miƙe da jaririyar a hannu. Mama ta ce, "Ku zauna mana, za ku faɗi." Gwaggo ta zauna a bakin gado, aka ɗora mata jaririyar. A haka muryar mai shela ta shigo daga waje, ya faɗi sunan, ya maimaita, mata suka ɗauki guɗa. Gwaggo ta amsa, "Na'am," kamar ita aka kira, sai ta rufe baki da mayafi.

Ba a bar ta ta huta ba. Wata ƙanwar kakar jaririyar ta wajen uba, mai baki, ta zo ta tsaya a kanta.

"Takwara guda daga birni, ina kayan? Ko abarbar ce gadon yarinyar?"

"Kayan suna tafe," in ji Gwaggo. "Ni na riga su, don ni aka gayyata."

Aka yi shewa. Amma na ga yadda ta sunkuyar da kai lokacin da sauran mata suke buɗe nasu ƙullin a tsakar ɗaki, sabulai da zannuwa da 'yan riguna, ana ɗagawa ana nunawa. Ita ba ta da abin ɗagawa. Ta riƙe jaririyar yini guda, ko abinci da hannu ɗaya ta ci. Ni kuwa na rakuɓe a bayan ƙofa, kowace riga aka ɗaga sai in ji kamar ni ake nunawa.

Ranar Lahadi aka haɗa ni da wani malami mai zuwa Parakou na koma gida. Akwatin na tarar da shi a zaurenmu, shuɗi, fentin ya goge a kusurwoyi, da kwado biyu. Ranar Litinin ina lakwal Baba ya sa shi a motar direban nan. Ban ga buɗe shi ba, ban kuma tambaya ba, don kunyar maganar nake ji. Baba bai ƙara tayar da ita ba. Sai dai tun daga ranar, in na gama rubuta masa wasiƙa, yakan ce in karanta masa daga farko.

Na gama jami'a, Gwaggo ta rasu, ciyawa ta rufe dogo a wajen gar. Wata rana yayata ta zo Parakou da takwarar Gwaggo, ta zama budurwa, muna tsinke zogale a tsakar gida sai hira ta kai mu ranar sunan. Na ce har yau ina jin nauyin yadda na sa Gwaggo ta shiga taro hannu wofi. Na tambaye ta me ma yake cikin akwatin.

Yayata ta ajiye zogalen. Ta ce ta ɗauka na sani. Ta ce da suka buɗe shi ita da Gwaggo a ɗaki, ƙamshin kafur ne ya fara fitowa. 'Yan riguna ne da huluna da zannuwan goyo, ɗinkin hannu, irin yayin da aka daina tun tuni, wuraren ninkin sun yi rawaya. Gwaggo ce ta ɗinka su da kanta a shekararta ta biyu da aure, lokacin tana da ciki. Cikin ya kai wata takwas, sai ta rasa shi. Tun daga nan ba ta ƙara buɗe akwatin ba, ba ta kuma taɓa barin sa ya kwana a wani ɗaki ban da nata ba, sai ranar nan a gar ɗin Parakou.